Daga Murhu Zuwa Kanta: Tarihin Madafa a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Yankin arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wanda ya ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da kuma Babura da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasa ce mai fuska biyu ta fannin abin gini, domin yammacinta tuddai ne da duwatsu da marmara, gabashinta kuwa, musamman wajen Babura, rairayi ne shimfiɗe wanda mutum zai yi tafiya mai nisa a cikinsa bai ci karo da dutsen kirki ba. Wannan bambanci ya shafi yadda ake gina ɗaki da rumbu da katanga, ya kuma shafi madafa, wato wurin da aka keɓe a cikin gida domin dafa abinci. Tarihin madafar wannan yanki, tun daga duwatsun murhu uku har zuwa kicin mai tayil da kanta ta dutse da ake gani yau a sababbin unguwannin Kazaure, ya nuna cewa abin da ke tsara siffar wurin girki da tsadarsa shi ne irin wutar da ake girkin da ita, da yadda mai girkin take zama ko tsayuwa, da kuma wanda al'ada ta ɗora wa biyan kuɗin kowane ɓangare. Ƙawa da yayi a bayan waɗannan suke zuwa.

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ibrahim Ɗantunku, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1819, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince wa Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta, Babura kuwa ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin ta koma Masarautar Ringim bayan ƙirƙiro Jigawa. Sai dai tsarin gida bai san waɗannan iyakoki ba. A ko'ina cikin yankin, baƙo yana fara shiga zaure, daga nan ƙofar gida, sannan cikin gida inda mata suke, kuma a can ciki ne madafa take, galibi a wata kusurwa ta tsakar gida, nesa da rumbu da dangar kara saboda tsoron gobara. A gidan talaka madafa rumfa ce kawai ta kara ko zana a kan ginshiƙai huɗu, ko wata tsohuwar bukka da aka daina kwana a cikinta; a gidan mai hali kuwa ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, wanda hayaƙi ya mayar da cikinsa baƙi ƙirin. Da rani ma ba a cika shiga cikinta ba, a fili ake hura wuta, sai damina ta sauka ko iskar hunturu ta matsa sannan girki ya koma ƙarƙashin rufi.

Zuciyar madafa ita ce murhu, duwatsu uku da ake girkawa a ƙasa domin su riƙe gindin tukunya, a bar ƙofofi uku da ake tura itace ko karan dawa ta cikinsu. A wuraren da dutse yake da yawa, kamar kewayen Kazaure da Roni, ɗauko su kawai ake yi daga bayan gari, a inda rairayi ya fi yawa kuwa akan mulmula ƙasa ko a yi amfani da tubali, wato curin ƙasar gini da aka busar a rana. Ƙafa uku ba ta girgiɗi ko da ƙasa ba ta daidaita ba, kuma ana iya matso da duwatsun ko a buɗa su gwargwadon girman tukunya, abin da ya sa murhu ɗaya yake ɗaukar tukunyar miyar mutum biyar yau, gobe kuma ya ɗauki ta tuwon suna. Tsayinsa bai fi taƙi ɗaya ba, kuma wannan gajarta ce ta tsara duk sauran aikin. Tuwon dawa ko na gero yana buƙatar a tuƙa shi da muciya da ƙarfin kafaɗa da baya, mai tuƙin tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno ko tana sunkuye a kan tukunyar, nauyin jikinta yana taimaka wa hannunta. Wanda ya ɗaga wannan tukunya zuwa tsayin ƙugu ya raba mai tuƙi da rabin ƙarfinta, ya kuma sa tukunyar cikin haɗarin kifewa.

Saboda haka tsohuwar madafa ba ta da teburi kuma ba ta rasa komai ba don rashinsa, domin ayyukan da ake yi a kan kanta a yau an rarraba su ne ga kayayyaki dabam-dabam da ake ɗauka a ajiye. Sussuka da surfe da daka na turmi da taɓarya ne, niƙa ta dutsen niƙa ce da ɗansa, bakace da tankaɗe na faifai da rariya ne, kwaɓi da dama kuma a ƙwarya ake yinsu, yankan kuɓewa da albasa ma a hannu ake yi, wuƙa tana fuskantar babban yatsa, yankakken yana zuba cikin ƙwaryar da ke kan cinya. Shimfiɗar da duk waɗannan suke zama a kanta ita ce daɓe. Daɓe aiki ne na mata, kuma na gayya: ana zuba tsakuwar marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu tare da waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi tauri, sannan a shafe ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ta yi santsi ta kuma jure ruwa. Gyaran madafa a wancan zamani bai wuce sabunta daɓe da yaɓen bango da sauya rufin da hayaƙi da gara suka cinye ba, kuma kusan dukansa ana biyansa ne da ƙarfi da abinci da goro, kuɗi ba ya shiga sai wajen magini ko maginar tukwane.

Akwai wani tsari da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne bai sauya ba duk da sauyin kayan gini. Wurin girki na mai gida ne, shi yake gina shi, shi kuma yake kawo hatsi da cefane, amma kayan girki na matar ne, iyayenta suke haɗo mata su a cikin kayan ɗaki ranar da aka kai ta. A gidan da mata suke fiye da ɗaya ana rabon girki, wato kowace ta karɓi ciyar da gida da kwanan miji na wasu ranaku, yawanci biyu, sannan ta miƙa wa abokiyar zamanta, kuma ko da murhun babban girki ɗaya ne, kowace tana da tukwanenta da ƙorenta, sau da yawa har da ƙaramin murhu a ƙofar ɗakinta inda take soya ƙosai ko ƙuli-ƙulin sayarwa. Polly Hill, wadda ta yi nazarin ƙauyen Batagarawa kusa da Katsina a littafinta na 1972, ta nuna girman cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla, kuma wannan ya sa madafa ta zama masana'anta ga mace, ba wurin hidimar gida kaɗai ba.

Sauyi ya fara shigowa ne ta ɗakin amarya kafin ya kai madafa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 an sa Kazaure cikin Lardin Kano, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa da auduga suka fara yawo a karkara, kantunan kamfanoni suka cika da tasoshi da kwanonin langa masu fenti. Waɗannan suka maye gurbin ƙoren jere, kuma jere shi ne tsara kayan amarya ɗaya bisa ɗaya a jikin bango domin 'yan ganin ɗaki su shaida abin da iyayenta suka yi mata. Da farko a kan wani tudun ƙasa da aka gina a jikin bango ake ɗora su, daga baya kafintoci suka kawo kanta ta katako da kabad mai gilashi. Abin lura shi ne yawancin kwanonin nan ba a taɓa ɗora su a wuta, dukiya ce da ake ajiyewa, a sayar idan buƙata ta taso, ko a aurar da 'ya da su. Ke nan shimfiɗa mai tsayi ta shigo gidan Bahaushe a matsayin wurin nuna kaya, kuma ta yi shekaru masu yawa a haka kafin a fara aiki a kanta.

Kicin na tsaye kuwa a gidajen Bariki aka fara ganinsa, inda kuku yake dafa wa jami'in mulki abinci a wani ɗaki da ke bayan gida, kuma daga can ya bi gidajen gwamnati da na malaman makarantun kwana. Shi kansa sabon abu ne ko a Turai. Tsarin da ake haɗa wurin wanke-wanke da wurin yanka da murhu a layi ɗaya a kan kabad masu tsayi ɗaya ya shahara ne daga kicin da Margarete Schütte-Lihotzky ta zana wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus a 1926, sannan kamfanonin Amurka suka yaɗa shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu tare da Formica, wani siririn leɓe na takarda da roba da ake mannawa a kan katako. Tsayin da aka daidaita a kai, kusan santimita 90, an auna shi ne da mace mai tsayuwa tana yanka a kan allo tana juya ƙaramar tukunya, a gidan da famfo yake kawo ruwa, bututu yake fitar da shi, kuma masu cin abincin ba su wuce huɗu ko biyar ba. Babu ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa da ya dace da gidan gandu a Gwiwa ko Roni, inda tukunya ɗaya take ciyar da mutum ashirin.

Siminti ne ya fara sauya ƙasar madafa. Masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a shekarun 1960, ta Ashaka ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, kuɗin fetur da ƙarin albashin ma'aikata da ake kira Udoji suka sa ma'aikaci da ɗan kasuwa suka fara rufin kwano da shafen siminti, daɓen gayya ya ja baya har ya kusa zama labari a cikin gari. A lokaci guda injin niƙa ya bazu a ƙauyuka, dutsen niƙa ya koma gefe, ba a tuna shi sai za a markaɗa ɗan kayan miya ko magani. Tukunyar dalma, wadda maƙeran fari suke zubawa daga narkakken alminiyam, ta kori ta ƙasa daga babban girki, sai randa da tulu da tandar waina suka rage wa maginan tukwane. Risho mai amfani da kananzir shi ne wuta ta farko da za a iya ɗorawa a kan teburi ba tare da hayaƙi ya kori mutane daga ɗaki ba, kuma da shi ne girkin amarya, na mutum biyu, ya fara shiga cikin gini.

Itace kuma ya daina zama abin da ake samu kyauta. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa da yawa a arewacin tsohuwar Jihar Kano, gonaki suka cinye dajin da ya rage, aka koma dasa layukan darbejiya da turare domin tare hamada. A tsallaken iyaka, a Nijar, an yaɗa ingantattun murahu masu rage cin itace a shekarun 1980, na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da na ƙasa da ake kira Albarka, kuma dukansu sun bar tukunya a kusa da ƙasa, abin da ya nuna masu tsara su sun lura da yadda ake tuƙa tuwo. A wannan ɓangaren na iyakar kuwa kurfoti, wato murhun gawayi na ƙarfe, shi ya fi karɓuwa, musamman da kananzir ya yi ta wuya har gwamnati ta janye masa tallafi a 2016. Gas ya shigo a makare, kuma shi kaɗai ne a cikin duk waɗannan ya dace da kanta sosai, tun da ba ya toka, ba ya hayaƙi, ana kuma kunna shi a kashe nan take. Batun hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kazaure, wadda take ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, sun ƙara yawan masu albashi da masu haya a garin, gidajen bulo masu zanen injiniya suka yawaita, kuma a kowane irin wannan zane akwai ɗaki da aka rubuta wa kicin da sito a gefensa. Kayan aikin kusan duka daga Kano suke zuwa ta hanyar Dambatta: tayil da famfo da kwanon wanke-wanke daga kasuwar Ƙofar Ruwa, katako daga Na'ibawa, tukwane da robobi daga Ƙofar Wambai da Sabon Gari.

Mafi araha kuma mafi yawa a cikin kantocin yankin ita ce wadda birkila yake zubawa da kankare da rodi a kan ƙafafun bulo, mai tayil ya bi ya lulluɓe ta. Ba ta tsoron wuta, ba ta tsoron ruwa, gara ba ta cin ta, kuma duk ma'aikatan da take buƙata akwai su a Kazaure da Babura. Aibinta yana cikin layukan da ke tsakanin tayil, inda manja da maiƙo suke maƙalewa su yi baƙi, da kuma gefen tayil da yake ɓarewa idan tukunyar dalma ta buge shi. Kanta ta katakon MDF, wanda garin itace ne da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi, ta fi kowace kyau a ranar jere, ta kuma fi kowace saurin lalacewa, domin da zarar ruwa ya sami hanya ta gefen kwanon wanke-wanke sai ta kumbura ta ruɓe, tukunya mai zafi kuma tana ƙona fuskarta. A ƙasar da ake wata da watanni cikin busasshiyar iskar hunturu sannan damina ta kawo laima, katako kowane iri yana motsi, ƙofofin kabad suna karkacewa. Tarazo, wato tsakuwar dutse da ake kwaɓawa da siminti a goge ta da inji, ya yi tashe a gine-ginen gwamnati na shekarun 1970 da 1980, yana da ƙarko ƙwarai, amma masu yinsa sun yi ƙaranci tun da tayil ya yi araha.

A sama da waɗannan akwai dutsen da aka yanka aka goge, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗewa, domin a bakin mutane da yawa duk dutse mai sheƙi mabul ne. Mabul na ainihi, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, dangin farar ƙasa ne, yana da taushi, kuma duk abu mai tsami yana cin fuskarsa. Girkin wannan yanki kuwa cike yake da tsami, daga tsamiyar kunu da zoɓo da yakuwa zuwa tumatir da lemon tsami da nono, ga manja da yake shiga ƙofofin dutsen ya bar tabon da ba ya fita. Giranayit, dutse mai ɗigo-ɗigo irin na tsaunukan Dutse, ya fi tauri nesa ba kusa ba, tsami ba ya yi masa komai, yana kuma ɗaukar tukunyar da aka sauke daga wuta, don haka shi ne ya fi cancanta idan har za a kashe kuɗin dutse. Duwatsun da ke kewaye da Kazaure dai suna ba da tsakuwa da dutsen harsashin gini, amma falle mai kaurin santimita 2 da aka goge yana buƙatar injinan yanka da gogewa da wutar lantarki tsayayya, shi ya sa wanda ake shimfiɗawa a garin yake zuwa daga kudu ko daga Indiya da Sin, a auna shi da mita, a yanke masa ramin kwanon wanke-wanke, sannan a loda shi a tsaye cikin mota domin kada ya tsage a hanya.

Duk da haka, fallen saman ba shi ne ya fi cin kuɗi a gyaran kicin ba. Wanda zai mayar da tsohuwar madafa kicin na zamani sai ya fara da abin da ido ba ya gani: tanki da bututun ruwa, hanyar fitar da ruwan wanke-wanke da ramin da zai tsotse shi, wayar lantarki, taga mai faɗi da za ta fitar da zafi, da kankare bangon da hayaƙin shekaru ya shiga jikinsa har fenti ba ya kama shi. A gidan da ruwa yake zuwa a jarka daga hannun 'yan garuwa, kwanon wanke-wanke mai kan famfo ado ne kawai, wanke-wanken a tsakar gida ake yinsa cikin baho. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira a watan Yuni na shekarar, inda dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigo da shi ko ake ɗauko shi a mota ya ninka, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare a watan Fabrairun 2024, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma ya wuce naira 14,000. Gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi, gawayi kuwa ba a hura shi a kan kanta cikin rufaffen ɗaki. Wannan ya ƙarfafa abin da dama ake yi, wato ajiye madafa biyu a gida ɗaya: ta ciki mai tayil domin shayi da taliya da dafa-dukan mutum kaɗan, ta waje mai murhu ko kurfoti domin tuwo da dambu da girkin azumi da na biki. Mai zanen gidan da bai bar wa ta biyun fili ba, matan gidan za su samar mata da shi a bayan ɗaki.

Inda sabon kicin ya fi taɓa al'ada shi ne wajen mallaka. A tsohon tsari iyaka a fili take, abin da aka gina na miji ne, abin da ake ɗauka na mata ne, kuma idan aure ya mutu danginta sukan zo su kwashe kayanta har tsintsiya. Fiƙihun Malikiyya ma ya tanadi wannan, domin Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalan arewa suka daɗe suna aiki da ita, tana da fasali a kan saɓanin ma'aurata game da kayan gida, inda idan babu shaida ake bai wa kowa abin da aka saba ganin irinsa a hannun jinsinsa, tare da rantsuwa. Kabad da aka kafe a bango da falle da aka manne da siminti sun faɗa tsakanin biyun, tun da sau da yawa iyayen amarya ne suke biyan kafinta a matsayin kayan kicin, amma cire su yana nufin fasa su. Haka matsalar take ga ɗan haya da mai gida, da kuma gidan gado da za a raba. Shi ya sa a aikace rabon ya koma kusa da inda yake tun farko: ango ko mai gidan haya ya zuba kantar kankare ya sa tayil, ya bar ƙarƙashinta a buɗe, dangin amarya kuma su kawo kabad masu ƙafa da murhun gas na kan teburi da firji, waɗanda mota ɗaya za ta iya ɗauka idan an tashi.